Shekarar da Na Wanke Idon Innarku

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku yadda kakanku ya baro Zariya ya sauka a unguwar Briqueterie ta Yaounde da sana'ar ɗinkin babbar riga, na rubuta yadda na bijire masa na koyi ɗaukar hoto, na rubuta aurena da Innarku har da abin da ba ku tambaya ba. Amma duk lokacin da na iso shekarar da Sani ya kawo mini sabon bayan kyamara daga Faransa, sai in ajiye biro in ce bari in sha shayi tukuna. Yanzu shayin ya ishe ni, idona kuma kullum raguwa yake, saboda haka zan faɗa. Rakiya, ke ce babba, kin riga kin ji daga bakina. Sani da Bilki, da ku nake. Shekara huɗu ke nan kuna ɗora wa yayarku mutuwar Innarku, kuna cewa ita da take ma'aikaciyar jinya an gaya mata uwarta ba ta jin daɗi, ta yi zamanta a Ngaoundere. Ina zaune ina jin ku, ban taɓa cewa uffan ba. Ku karanta har ƙarshe kafin ku kira ni.

Sai kun san yadda aka koya mini aikin sannan za ku gane abin da hannuna ya yi, kuma ba kare kaina nake ba. A shagon wani ɗan ƙabilar Bamileke na koya a unguwar Messa, Patron kawai muke ce masa, wato maigida. A wurinsa danna kyamara shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin yana zuwa bayan an wanke fim. Akwai teburi mai gilashi da fitila a ƙarƙashinsa, a ɗora negatif, wato wankakken fim ɗin, a kai, a feƙe fensir har bakinsa ya yi tsini, a bi fuskar mutum a hankali ana rufe ƙuraje da tabo da layukan goshi. Ido ake yi a ƙarshe, wanke ido muke ce masa. Mai suya da hayaƙi ya jajanta wa ido, direban da bai yi barci ba, tsohuwar da idonta ya yi ƙasa-ƙasa, kowa zai karɓi hotonsa ido fari tas, ya tafi yana murna yana cewa lallai yau ya fito. Wata rana na gaya wa wata mata da alfahari cewa na cire mata tabon da ke gefen bakinta. Ta dubi hoton, ta ajiye shi a kan teburi, ta fita. Patron ya kama kunnena ya murɗe.

“On ne dit jamais au client ce qu'on a enlevé,” in ji shi. “Ka ji ko, Haoussa?”

Wato ba a taɓa gaya wa mai hoto abin da aka cire masa. Na ji, kuma na riƙe fiye da yadda na riƙe wasu abubuwan da malaman allo suka dake ni a kansu. Sama da shekara arba'in babu fuskar da ta fita daga shagona ban taɓa ta ba, babu kuma wanda na gaya wa.

Kun san tsohuwar kyamarata, akwatin nan mai kusurwa huɗu da ake riƙewa a saitin ciki a leƙa ta sama. Bayanta cirewa ake yi, a nan fim yake zama. Da ita na ɗauki rabin auren unguwar nan da bukukuwan sunanta. Innarku ba ta taɓa barin ta ta huta da tsiya ba.

“Malam,” takan ce, “kullum kana sunkuya wa wannan akwati. Ni tun da aka kawo ni ba ka taɓa sunkuya min haka ba.”

Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoto. Fim ya yi wuyar samu, masu wanke shi suka rufe ɗaya bayan ɗaya, na naɗe akwatin a tsumma na sa a kabad. Na koma ɗaukar hoton katin shaida da wata 'yar kyamara mara kunya da ko nauyi ba ta da shi. Ina buɗe shago ne kawai don kada in zauna a gida a ce na tsufa. Wainar da Innarku take soyawa da safe a ƙofar gida ta fi shagona jama'a nesa ba kusa ba, kuma ba ta fasa tuna mini ba.

A cikin wannan halin ka zo hutu, Sani. Lokacin kana aiki a wurin da ake ɗaukar hotunan tsofaffin kayan tarihi, ka dawo da gemu da wata jaka da ba ka yarda kowa ya taɓa ba. Ko abinci ba ka gama ci ba ka ce mini ina tsohuwar. Na ɗauka Innarku kake nufi, har ta ɗaga ludayi za ta kwaɗa maka. Ka ciro akwatin daga kabad, ka hure ƙura, ka ɓalle bayansa, ka fito da wani baƙin abu daga jakarka ka maƙala a wurin. Ya shiga ɗas, sai ka ce tare aka ƙera su.

“Dos numérique ake ce masa, Baba,” ka ce. “A cikinsa akwai capteur, shi ne ya maye gurbin fim. Kuma wannan sabon samfuri ne. Na da, siraran wayoyinsa a gaba suke, suna tare wani hasken. Wannan an mayar da su baya, haske na faɗa masa kai tsaye. Faɗinsa ya kusa na fim ɗinka, na cikin waya kuwa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ko cikin inuwa yana gani. Launi kuma ba ya ƙarawa, ba ya ragewa.”

Na ce duk mai sayar da kaya haka yake faɗa. Ka yi dariya ka ce in gwada. Na fita ƙofar shago na ɗauki Malam Iro tela da ke tsallaken lungu, yana zaune a rumfarsa da wata shuɗiyar riga a cinya. Muka sa hoton a kwamfuta, kana ta matso da shi, kana ta matsowa, hoton bai fashe ba. Sai ga zaren aikin wuyan rigar ɗaya-ɗaya, ga inda allura ta kuskure aka koma, ga ɓawon goro a haƙorin Malam Iro. Da muka kira shi ya gani, ya ja da baya ya ce wannan ai ɗan sanda muka kawo unguwa, kada mu sake nuna masa shi. Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin da na manta ana ji. Na sake sunkuyawa a kan akwatina, na ji ƙarar nan tasa a tafin hannuna. Wata guda ka zauna kana koya mini gyaran hoto a kwamfuta, da wani alƙalami da ake zana shi a kan faranti. Ban sha wuya ba, aikin fensir ne aka sauya masa riga. Ka ce za mu tayar da shagon, ka bar mini kayan duka, ka koma.

Bayan tafiyarka da kamar sati uku Rakiya ta kira ni. Kun san Innarku da kunyar 'yar fari. Ko sunan Rakiya ba ta faɗa, waccan ta arewa take cewa, kuma in suna waya gaisuwa ce kawai da sa albarka. To a cikin gaisuwar ne ta suɓuce ta ce jikinta na yi mata ƙaiƙayi, ga kasala. Rakiya ba ta bar maganar ta wuce ba.

“Baba,” ta ce, “ka san Inna ba za ta gaya min gaskiya ba, kuma ina garde a asibiti, ba hutu, har ƙarshen wata. Ka ɗauke ta hoto da sabon appareil ɗin nan na Sani, a hasken rana, kusa-kusa, ka turo min in ga fuskarta da idonta. In na ga wani abu sai in nemi permission in taho.”

Ku lura da wannan, Sani da Bilki. Ita ta nema. Ta faɗi hasken rana, ta faɗi ido.

Washegari da hantsi, bayan an gama waina, na sa kujera a ƙofar shago. Innarku ta yi ta mita, wai me za a ɗauka a jikin tsohuwa mai warin mai. Duk da haka sai da ta shiga ta sa kwalli, ta yafa koren mayafinta na zuwa biki. Na ce ta ɗago ido ta dube ni. Ta ce shekara nawa tana dubana, me ta samu. Tana cikin dariyar na danna.

Na shiga ciki na sa hoton a kwamfuta. Kyakkyawan hoto ne, ban taɓa yi mata irinsa ba. Na matso da fuskar kamar yadda na saba, in fara daga goshi in gangaro. Da na iso ido sai hannuna ya tsaya. Farin idon ba fari ba ne. Ba kuma jan hayaƙi ba ne, wanda na sani a idonta tun tana amarya. Wani rawaya ne mai laushi, launin man shanu, ya bi farin idon gaba ɗaya har ƙarƙashin fatar. A gida ba za ka gani ba. Ɗakinmu taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabci take kallo, ƙwan fitilarmu kuma shi kansa rawaya ne. Ni da nake kwana da tashi da ita ban gani ba sai da na'urar ta nuna mini.

Na fara da cewa na'urar ce take ƙarya. Na fita na ɗauki mai suyan bakin titi, na ɗauki wani mai taksi da ya tsaya sayen sigari, na lallaɓi Malam Iro na sake ɗaukarsa. Idon wani ja, na wani ƙasa-ƙasa, babu mai irin nata. Sannan na kira ka, Sani. Za ka tuna, domin ka ce kana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, in yi sauri. Na tambaye ka ko capteur ɗin nan yakan ƙara rawaya a hoto.

“Ka daidaita launi da katin nan mai ruwan toka da na bar maka?” ka ce.

Na ce na daidaita.

“To abin da ka gani shi ne a wurin, Baba. Lafiya dai?”

Na ce lafiya lau, gwaji nake.

Na san sunan abin. Shawara ce. Kuma a nan ne zan gaya muku abin da ban rubuta a babin ƙuruciyata ba. Ina da wa, Hamza, wanda nake bi. Yana saurayi shawara ta kama shi, idonsa ya yi rawaya, aka kai shi dispensaire, ƙaramin asibitin unguwa, aka yi masa allura, kwana uku ya rasu. Duk unguwa magana ɗaya aka yi, cewa mai shawara ba a yi masa allura, allurar ce ta kashe shi. Kakarku ta mutu tana faɗin haka. Da wannan na tashi, kamar yadda na tashi da sanin cewa wuta na ƙuna. Mun taɓa yin musu da Rakiya a kai tun tana makarantar jinya, ta ce mini camfi ne, na ce mata boko ya ɗebe mata tsoro. Saboda haka da na zauna gaban kwamfutar nan na san abin da zai biyo baya in na tura hoton yadda yake. Rakiya za ta hau jirgi, za ta ɗauki uwarta sai lopital, babban asibiti, za a sa mata allura, in rasa ta kamar yadda na rasa Hamza. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske.

Ban zauna na yanke shawarar yin ƙarya ba, ko da yake wannan ba ya rage komai. Alƙalamin yana hannuna, idon yana gabana, aikin da na yi sau dubbai ne. Na zagaye farin idon dama na janye rawayan, na koma na hagu. Na bar 'yan jijiyoyin ja kaɗan don kada ya zama na 'yar tsana, yadda gwani yake yi. Ban fi minti biyar ba. Na tura wa Rakiya. Kafin azahar ta turo saƙon murya, har yau yana cikin wayata.

“Alhamdulillahi, Baba, hankalina ya kwanta. Idonta fes, fuskarta ma ta yi kyau. Wataƙila gajiya ce, ko sabulu. A canza mata sabulu, ta rage zama gaban wuta. In na samu congé, hutun aiki, zan zo.”

Ranar da yamma na je wurin wani mai magani da ke shimfiɗa kusa da masallaci, na ce wani abokina ne ke da shawara. Ya ba ni saiwar rawaya da wasu sassaƙe, ya ce a jiƙa a sha safe da yamma, ya ƙara da cewa ko kusa da allura kada a je. Na ji daɗin jin haka daga bakin wani. Na kawo gida na ce wa Innarku maganin kasala ne. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

“Malam, yaushe ka zama boka? Hoton ne bai karɓe ka ba?”

Ta shanye, don ni na ba ta.

Abin da ya biyo baya shi ne na fi jin kunyar rubutawa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan zaunar da ita a ƙofar shago in ɗauke ta, in ce ina koyon na'ura ne. Ina so in ga ko maganin yana ci. Sai in shiga in rufe ƙofa in matso da idon, in jera shi da na satin da ya wuce. Na'urar ba ta taɓa tausaya mini ba. Kowane sati rawayan ya fi na baya, daga baya ma ya fara fita a fatar goshinta da gefen hancinta, ga sawun susa a wuyanta, ga ƙashin kumatu yana tasowa. Ina gani, ina cewa sati mai zuwa zai juya, mai maganin ya ce sai ciwon ya fito duka kafin ya tafi. Sannan in wanke idon, in gyara fatar, in cike kumatun kaɗan, in tura muku ku uku. Sani, kana rubuto mini bravo. Bilki, kina sa hoton a fuskar wayarki. Kina zuwa daga unguwar Etoudi bayan la'asar, ki same ta a cikin ɗakin nan mai duhu, ki ce Inna kin rame, ta ce azumin nafila take. Juma'a goma na yi ina wannan, ban da hoton farko.

A gidan suna asirin ya tonu. Tsakar gida ce a buɗe, rana tsaka, wata maƙwabciyarmu ta dube ta ta ce, Hajiya, idonki fa? Kafin a watse Bilki ta kira Rakiya tana kuka. Jirgin ƙasa na safe ya sauke Rakiya. Ina tsaye a ƙofar gida ta shigo da jakarta, ta gaishe ni a tsaitsaye, ta ja uwarta zuwa bakin ƙofa inda haske yake, ta sa yatsa ta ja fatar idon ƙasa. Ta juya ta ce wa Bilki ta tsayar da taksi. Na buɗe baki na ce allura fa, ta dube ni, ta wuce da uwarta.

A asibiti aka yi hoton ciki da gwajin jini. Likitan, wani mai furfura da ke jin Fulatanci, ya tara mu ya ce wani ƙari ne ya toshe hanyar maɗaciya, kuma ya riga ya kama hanta. Sannan ya yi tambayar.

“Tun yaushe idon ya canza?”

Innarku ta ce ita ba ta duba madubi. Bilki ta ce ba a fi sati biyu ba. Rakiya ta ciro waya ta nuna masa hoton Juma'ar da ta gabata, ya duba, ya ɗaga gira, ya ce abin mamaki, bai saba ganin ya yi sauri haka ba. Ni kaɗai a ɗakin nan na san ranar, na san sa'ar, ina da hoton kowane sati a jere. Na dubi takalmina. Ya ce da an zo da wuri da akwai abin da za a gwada, yanzu sai dai a rage mata wahala. An yi mata allura a gabana ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ba ta kashe ta ba. Ita ce ma kaɗai take sa ta samu barci. Wata rana na tare likitan a baranda na ba shi labarin Hamza. Ya ce, Alhaji, ciwon ne ya kashe ɗan'uwanka, allurar ta zo ne a makare. Haka kawai ya faɗa ya wuce, yana da marasa lafiya a gaba. Na jingina da bango na daɗe ban motsa ba.

Sati shida ta yi bayan nan. A cikin na ƙarshe, wata safiya muna mu biyu, ta ce in nuna mata hoton nan na koren mayafi. Na nuna mata a waya, wanda na gyara. Ta daɗe tana kallo.

“Ashe dai na yi kyau ranar,” ta ce. “Wannan za ku rataya, kada ku sa na katin shaida.”

Saura kaɗan in gaya mata gaskiya. Na ce, Hajiya, ki yafe mini. Ta ce me na yi mata, mutumin da ya jiƙa mata magani da hannunsa safe da yamma. Ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ni ma in yafe mata tsiyar da ta yi mini. Na ce na yafe. Abin da ta sani ta yafe, 'ya'yana. Wanda ba ta sani ba yana nan a wuyana, kuma babu sauran wanda zan je in roƙa.

Sani, ka iso kwana biyu bayan an rufe ta. Ina zaune a tabarma a ƙofar gida tare da masu gaisuwa, tagar ɗakin tana bayana, na ji duk abin da ka faɗa wa yayarka. Ka ce wata huɗu da suka wuce Inna ta gaya mata da bakinta, ita kuma ta ce a canza sabulu. Ka ce me amfanin karatun nata. Bilki, ke kika ce ai marasa lafiyan Ngaoundere sun fi mata uwarta. Taku huɗu ne tsakanina da ƙofar ɗakin. Liman yana gefena yana addu'a, na ɗaga hannu na shafa tare da kowa. Na ce in an yi bakwai zan faɗa. Aka yi bakwai na ce sai arba'in. Daga nan kuka daina kiranta, aka yi sunan ɗan Bilki ba a gaya mata ba, Sani ya zo hutu sau biyu bai hau jirgin arewa ba. Ni kuwa kuna ta lallashina, kuna aiko mini da magani da riguna, kuna cewa Baba ya yi ƙoƙari da Inna. Na karɓa na sa. Tsoron allura ya wuce tun a asibiti, wannan karon tsoronku nake ji, kada ku dube ni yadda kuke dubanta.

Kyamarar ban sake taɓa ta ba. Da ka tambaya, Sani, na ce idona ne ya raunana. Tana kabad da bayan nata a maƙale.

Watanni biyar da suka wuce Rakiya ta zo Yaounde wani taron aikinsu, ta biyo ta duba ni. Ita kaɗai ce har yau take auna mini jini da hannunta. Muna shago da la'asar, ana ruwa, ta gama ta naɗe abin awon. Na ce ta zauna. Na kunna kwamfuta na buɗe mata hoton farko, na asali, na matso da idon. Sannan na biyu, da na uku, har goma sha ɗaya. Na gaya mata komai, da Hamza, da mai magani, da kiran da na yi wa Sani. Ban taɓa jin ruwan sama ya yi ƙara a kwano kamar ranar ba.

“A shagon nan na girma, Baba,” ta ce daga baya. “Na san kana wanke ido. Ranar da na sauka na ga Inna na tuna. Shekara huɗu ina cewa laifina ne, da na ce ka turo min wanda ba ka taɓa ba. Na ɗauka hannunka ne ya yi don sabo, ba ka lura ba.”

Na ce na lura.

Ta koma kan hoton farko, ta karɓi alƙalamin daga hannuna, ta matso da idon da kanta. Na tambaye ta abin da yake cina tun ranar. Na ce, da na turo miki wannan, da ta rayu?

“Ban sani ba, Baba. Irin wannan ciwon ko an kama shi da wuri ba kullum ake cin nasara ba.” Ta ajiye alƙalamin. “Amma da na hau jirgi a ranar. Da na samu wata uku da ita.”

Ta ce in tura mata hoton a waya, na asalin. Na tura. Ta yafa mayafinta, ta ce Allah ya ƙara lafiya, ta fita cikin ruwan ba ta jira ya tsagaita ba. Har yanzu tana kirana duk Juma'a. Takan tambayi jinina, ta tambaya ko ina shan magani, ta ce a gaida mutanen gida, ta kashe. Ba ta ɗaga mini murya ba, ba ta kuma gaya muku ba, ko da yake kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke ta a wurinku. Na roƙe ta gafara, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ban sake tambaya ba.

To kun ji. Hotunan goma sha ɗaya suna cikin kwamfutar shago, kowanne da ranarsa, na asali da na gyara gefe da gefe. Sani, kai ka san yadda ake dubawa, ka duba ka nuna wa ƙanwarka. In kun gama ku nemi tikitin Ngaoundere, ku biyu, ku je da ƙafarku, kada ku yi mata ta waya. Ba sai kun biyo ta wurina ba.